Kuɓewar Inna a Bangon Amarya

"Fauziyya! Ina kuɓewar da ke bayan gida?"

Ina durƙushe tsakar falo, allura a baki, ina kama bakin labulen wata Hajiya, ga Nana a goye tana ta ƙananun kuka. Ko ɗagowa ban yi ba na ce, "Wace kuɓewa kuma, Abban Nana? Busasshiyar?"

"Ita. Guda bakwai ɗin da aka ɗaure wa jan ƙyalle."

"Au, waɗannan? Ai na yi aiki da su tun wancan satin."

Sai ga shi ya shigo falon, ya tsaya a kaina. Mijina Mutawakkil malamin firamare ne.

Ni dai sana'ata ƙawata gidaje ce. Labule, fenti, jeren ɗakin amarya, duk Dutsin-Ma an san hannuna. Da kaka ta yi bukukuwa suka taso, wallahi ko tuwo a tsaye nake cinsa. Lambun bayan gida kuwa na Inna ne, mahaifiyarsa, da ta zauna tare da mu har Allah Ya yi mata rasuwa wata biyu da suka wuce. Tun daga nan shi ke ban ruwa kafin ya tafi makaranta. Ni iyakata in tsinko in jefa a tukunya.

"Wane aiki?" ya tambaya a hankali.

"Na... na fesa masu fenti ruwan gwal, na jera su cikin firem. Suna bangon wata amarya a Karofi. Kowa ya gani sai ya yaba..."

"Innalillahi! Iri ne, Fauza! Iri!" Muryarsa ta karye. "Inna da hannunta ta ɗaura ƙyallen nan, saura kwana shida ta rasu. Irin da mahaifiyarta ta ƙulle mata a bakin zani ne ranar da aka ɗauko ta daga Barkiya. Shekara arba'in tana barinsa ya bushe a jikin uwarsa, ba ta taɓa fashi ba."

Allurar ta suɓuce mani. Ni da na tashi cikin gari, wallahi na ɗauka don korar tsuntsaye aka ɗaura ƙyallen. Siffarsu kawai na gani, dogaye masu layi-layi, na ce kai, waɗannan za su yi kyau a bango.

Sai na ga fuskarsa ta ɗan saki. Ya lalubo makullin babur. "Tashi mu je. Fenti ai a waje yake, 'ya'yan na ciki. Mu ba amarya haƙuri ta ba mu su."

Na kasa motsi.

"Fauza, tashi mana!"

"Masoyina..." Hawaye suka ɓalle mani. "Duk abin da zan manna a bango sai na tsoma shi a tafasasshen ruwa, don kada ƙwari su fito daga baya. Su ma na tsoma su. Sun daɗe a ciki."

Bai zage ni ba. Da ma ya zage ni! Makullin kawai ya ajiye a kan labulen, ya fita bayan gida. Ta taga na hango shi tsugune gaban karan kuɓewar, babban mutum, kafaɗunsa na rawa. Ni da nake gyara gidajen mutane, na rasa ta inda zan fara gyara nawa.

Kwana biyu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Ranar Asabar na kashe wayata, na bar Hajiya da labulenta, na tare shi a ƙofa.

"Abban Nana, Goggo fa? Ba za ta rasa irin ba."

Goggo Halimatussa'adiyya ƙanwar Inna ce, tana nan Barkiya ta ƙasar Kurfi. Ya dube ni da jajayen idanu, ya ce, "Ɗauko mayafinki."

Duk hanya addu'a nake, babur na jijjiga mu, Nana na barci a bayana. Muka tarar da Goggo tana sussukar gero. Ta yi ta murna, ta shimfiɗa mana tabarma, aka gaisa, aka sake yi wa juna gaisuwar Inna. Kafin Mutawakkil ya buɗe baki ta riga shi.

"Halan kuɓewata kuka kawo mani? Tawa ƙwari suka cinye bara, ko ƙwaya ba su bari ba. Yaya ta aiko mani cewa kada in damu, ta ɗaure guda bakwai, uku nawa ne."

Ta ware bakin zaninta a cinya, tana murmushi, tana jira.

Na buɗe baki zan faɗi abin da na yi, sai na ji hannunsa a kan nawa, ya danne.

"Goggo, ki yafe mani," ya ce. "Ni na yi sakaci. Ban kula da su ba, sun lalace."

"Duka?"

"Duka, Goggo."

Kuka ya ƙwace mani, na kifa kai a gwiwa. Goggo ta daɗe tana kallon ɗan yayarta. Sannan a hankali ta naɗe bakin zanin nan ba komai a ciki, ta ce, "Shi ke nan. Yau Yaya ta gama tafiya."