Yatsu Biyun Mai Gyaran Agogo

"Riƙe takardar nan da ƙarfi, kar ka bari in zare."

Ya matse ta tsakanin babban yatsa da manuniya. Ja ɗaya na yi, ta fito salin-alin.

Na bi hannunsa da kallo.

Shekara biyar ina aiki a sashen gashin ƙashi na asibitin nan, na san ma'anar wannan. Amma yau wanda ke zaune gabana masoyina ne, mai gyaran agogo, wanda abincinsa ke bakin yatsunsa.

"Tun yaushe ƙaramin yatsan nan da na kusa da shi suka mutu?"

Ya yi murmushin nan nasa mai kashe min jiki. "Sanyi ne kawai, Hasken idona..."

"Tun yaushe?!"

"Wata biyar."

Ai sai hawaye suka zubo min. Kullum daga shagonsa yake tuƙo keke zuwa gidanmu, awa ɗaya da rabi kan hanya mai gargada. Robar kan keken ta daɗe da cinyewa, ƙarfe tsura yake dannewa da tafin hannu, wuyan hannun a lanƙwashe. Jijiyar da ke bi ta wurin ce ta matsu har ta gaji.

"Safar hannu mai laushi fa? Ɗaga kan keken? Sauya riƙo a hanya? Hutun sati biyu kawai da ya isa! Ni da nake faɗa wa baƙi wannan kullum!"

Ya sunkuyar da kai. "Yayanki ya ce ranar da na yi fashin zuwa, kar in sake taka ƙofarku. Wai a ga ko da gaske nake."

Yaya! Abokinsa mai mota yake wa kamfe, ya zaci talaka zai gaji. Bai san taurin kan wanda ya taɓo ba.

Ni kuwa sakarya, ranar da kofi ya suɓuce masa dariya na yi, na ce sona ne ke sa shi rawar hannu.

Na ɗaure masa hannun da takalmin wuyan hannu, abin da ke hana shi lanƙwashewa, na kulle keken da kaina. Wata biyu muna motsa yatsu, daga baya aka yi tiyata. Amma an makara, naman tsakanin yatsun ya riga ya zube. Hantsaki ma ya gagare shi, balle ƙananan sukurorin agogo.

Ya rufe shago.

Yaya ya zo yana ba ni haƙuri, ko kallonsa ban yi ba.

A tasha na cim masa, zai koma garin wansa. Yana zaune jikin tagar mota, hannun na rataye a waje.

"Zan aure ka a haka, wallahi!"

"Na sani, Haskena. Shi ya sa zan tafi. Ba zan zauna kina kallon hannun nan kina tuhumar kanki kullum ba."

"Don Allah..."

Ya kawar da fuska don kar in ga idonsa.

Direba ya tayar da mota. Na kama ƙaramin yatsansa, na matse da duk ƙarfina, ina jira ya juyo ko sau ɗaya ne.

Bai juyo ba. Bai ma san na riƙe shi ba.