Mai Zanen Tautau

Shekarun da na yi a Legas, garin bai jira ni ba. An sare ɗorawar ƙofar gida, an kafa shagon caji a gurbinta. Ku da na bari kuna rarrafe, yanzu kuna gaishe ni kamar baƙo, kowa sai "Yaya Bashari ya ce".

To ku matso, ku rage murya.

Ni da Bashari ɗan baffa tare muka koyi zane a ƙasa da tsinke. Ni na tafi neman masu yin wasannin waya su sayi dodannina, ba wanda ya saya. Shi yana zaune a ɗakin zaure suka ɗauki nasa: tautau mai girman bijimi. Ya nuna min yana murmushi. Ya ce ya kaurara ƙafafun ya mayar da su ƙarƙashin ciki, don sirara ba za su ɗauki nauyin ba. Ya jera ƙofofin numfashi a haƙarƙari. A zanen ya zaunar da shi a fadama, don ruwa ya tallafe shi ranar saɓar fata. Na ce ba laifi. Tuwon ranar bai wuce min ba.

Shekaranjiya da magariba na bi hanyar fadama ni kaɗai. Kwaɗi suka yi tsit.

Wani dogo na zaune gefen hanya cikin babbar riga. Na yi sallama, bai amsa ba. Da ya miƙe sai na ji ƙas, ƙas, kamar ana karya kara. Rigar ta lanƙwashe a inda mutum ba shi da gwiwa.

Ya ce jiki iri-iri ya ara, amma na ƙaton tautau ya gagare shi, duk wanda ya gwada ƙafafun karyewa suke. Bakinsa bai motsa ba. Ta haƙarƙari muryar ke fita.

"An ce a gidanku akwai wanda ya zana mai tsayuwa. Waye?"

Wallahi ba tausayin Bashari na ji ba. Haushi na ji, har aljanu ma shi suke nema.

Na ce, "Ni ne."

Ya sunkuyo yana warin laka. Ya ɗaura min wani abu a wuyan hannu, siriri, mai sanyi. Ya ce in koma gida, zai biyo zaren ya ɗauke ni, akwai sauran gyara.

Ga shi nan. Saratu, janye hannunki. Reza ba ta yanke shi, na gwada. Tun la'asar yake ja a hankali.

Idan ya iso ya ga ban iya ba, ɗakin zaure zai leƙa. Shi ya sa motar asuba zan bi, ya yi ta bina har inda zaren ya ƙare.

Kada wanda ya bi hanyar fadama shi kaɗai. Kuma kada wanda ya gaya wa Bashari, kansa ya riga ya yi girma.

Miƙo min jakar can.