Garar Zahra'u Mai Jar Takarda

Ranar wata Talata ce cikin watan Yuni. Tun hantsi hadari ya haɗo daga wajen Gaffati, ya yi ta rugugi a kan Damagaram, sai bayan azahar ya saki ruwa. 'Yan kabu-kabun Zango suka watse, titi ya yi fayau.

Mahamud yana tsugunne a kantin Alhaji Sule, yana aikin da yake yi kowace Talata. Duk gwangwani ko ledar da ranar lalacewarta ta matso, sai ya manna mata jar takarda, ya kai ta teburin bakin ƙofa a sayar rabin kuɗi. Watansa uku a wannan aiki, kuma ƙafarsa ta fara ƙaiƙayin tafiya. Tun da ya bar lakwal, wato makarantar boko, a aji biyar bai taɓa cika shekara wuri ɗaya ba. Ya yi kabu-kabu, ya yi gidan burodi, ya yi wata bakwai a Agadas yana lodin mota. Mahaifiyarsa tana Gidimuni. Ɗakinsa yana bayan kanti, daga tabarma sai rediyo, kuma sau da yawa rediyon ne kaɗai ke yi masa magana.

Ruwan ne ya koro wata budurwa ciki, mayafinta sharkaf. Ba ta ko kalli kantocin da ke cike ba, ta nufi teburin ragi. Ta ɗauki gwangwanin tumatir, ta juya gindinsa, leɓenta yana motsi tana karanta kwanan wata. Ta ajiye, ta ɗauki wani.

"Malama, na ƙasan ya fi nisan kwana," in ji Mahamud. "Ni na jera su."

Ta ɗago ta dube shi. "Wato masu kyan kake ɓoyewa a ƙasa."

"Don masu haƙurin tonawa."

Ta yi murmushi, ta tona. Da ta biya, ta karɓi ɗan tiken da Alhaji ke ba masu ciniki, wanda in mutum ya tara goma ake ba shi litar mai kyauta. Ta ninke shi ta ƙulle a gefen mayafi. Kafin ruwa ya tsagaita ya san sunanta Zahra'u, tana kitso, kuma ita da mahaifinta kaɗai ne a gida a Birni tun rasuwar mahaifiyarta shekara uku da suka wuce.

Daga nan Talata ta zama ranar da yake jira. Yakan ware mata abin da ya fi sauran kwana, ita kuma takan ce da shi Mai Ja, saboda yatsunsa kullum da rinin takarda. Shi ya sa mata suna 'Yar Talata. Kafin damina ta raba tsakiya ya fara zuwa zance ƙofar gidansu bayan la'asar, sun yi maganar aure, har sun ce in Allah ya yarda cikin Disamba, bayan an kawar da amfanin gona.

Sai sayayyarta ta canza. Kwalin taliya sukutum, madarar gwangwani, kuskus, ƙaramin buhun fulawa. Wata rana da ta fita, Alhaji Sule ya bi ta da kallo ya ce wannan ba cefanen mutum biyu ba ne, gara yarinyar nan take tarawa, ko shakka babu an sa mata rana. Gara kuwa aikin uwar amarya ne, kayan abincin da ake raka 'ya da su gidan miji. Mahamud dai ya san ba a sa masa rana ba. Kuma sau biyu yana ganin moton Inusa a ƙofar gidansu, wani ma'aikacin asibiti, tsohon ɗalibin mahaifinta, mai albashi da takardu.

Talata biyu a jere, da ya hango ta sai ya shige ma'ajiya ya zauna kan buhunan gishiri har ta tafi. Ta uku saƙo ya shigo salularsa.

"Mai Ja, na zo ban gan ka ba. Kayan yau ba kai ka jera ba, na gane. In na yi laifi ka faɗa mini."

Ya daɗe yana kallon salular kafin ya rubuta: "Ba ki yi laifi ba. Allah ya sanya alheri ke da Inusa. Na ga gara ta yi nisa."

Amsar ba ta jima ba.

"Inusa wurin Baba yake zuwa, ni ruwa kawai nake kai masa. Garar ta Gidimuni ce. Ba ni da uwar da za ta yi mini, kuma ba na so dangin mamarka su ce amarya ta zo hannu Rabbana. Kullum na yi cefane da ragi, abin da ya saura shi nake sayen kayan da shi. Duk na duba, za su kai Disamba. Kar ka faɗa wa kowa, Baba zai ji kunya."

Mahamud ya karanta ya sake karantawa, yana zaune kan gishiri. Ya rubuta: "Ki yafe mini, 'Yar Talatata. Wautata ce."

Cikin Oktoba kawunsa ya zo daga Gidimuni neman iri, wato nema masa auren Zahra'u. Mahaifin Zahra'u, Mushe Idirisu, kamar yadda ake kiran malamai da Faransanci, tsohon malamin lakwal ne da ya yi ritaya, mutum mai tsari, wanda ba ya ɗaga murya. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce shi ba zai yi wa 'yarsa dole ba, amma ya bincika. Yaron da ya bar aji biyar, ya bar sana'a uku, me zai hana ya bar mata? Ya ce Mahamud ya cika shekara guda daga yau a kantin nan, ba tare da ya motsa ba, sannan a dawo a yi magana.

Ranar da Zahra'u ta ji, ba ta yi kuka a gaban Mahamud ba. Suna tsaye a zaure ta ce a hankali, "Madarar Janairu ce. Tumatirin Fabrairu."

"Na sani," ya ce. "Da hannuna na manna musu."

Ya ce ta fito da su su ci a gida kafin su ɓaci. Ta girgiza kai. Ta ce in ta buɗe ko gwangwani ɗaya, ji za ta yi kamar ta yarda an fasa.

Watannin da suka biyo baya sun yi masa tsawo. Zahra'u ta daina zuwa teburin ragi sai don cefanen gida, kuma Mushe ya rage zancen zuwa Juma'a kawai. Cikin Janairu wani tsohon abokin Mahamud ya zo yana neman wanda za su tafi arewa haƙar zinariya, ya ce wata huɗu ya isa mutum ya dawo da sadaki har da gida. Mahamud ya ɗaure kayansa a leda. Ya kai har tasha, ya tsaya kusa da motar yana jin ƙamshin man gazuwal da yake so tun yana yaro. Sai ya tuna gobe Talata, kuma in ba shi ya jera kayan ba za ta gane. Ya koma kanti a ƙasa, ya kwance ledar, bai taɓa gaya mata ba.

Zafi ya shigo da ƙarfinsa. Wata safiya cikin Afrilu Alhaji Sule ya ce masa Mushe Idirisu ya aiko, ya zo yanzu.

Ya tarar da tsakar gidan cike da kaya a kan tabarmi. Mushe ya bi sahun ƙwari ne daga bakin ƙofar ɗakin marigayiya har ƙarƙashin gado, ya jawo abin da bai san da shi ba. Gwangwanaye sun kumbura, wani ya fashe. Fulawa tana motsi. Zahra'u tana tsugunne jikin bango, fuskarta cikin mayafi. Kowane kaya da jar takarda a goshinsa.

"Kai ka sayar mata da waɗannan?" in ji Mushe.

"Ni ne, Baba."

"Ka san ranar da za su lalace?"

"Na sani. Lokacin da ta saya duk suna da sauran kwana. Da lissafin Disamba ta saye su."

"Disamba," Mushe ya maimaita. Ya juya ya dubi 'yarsa, ya sake duban kayan, ya ga abin da aka haɗa: taliya, mai, sukari, fulawar alkaki. Ya zauna kan turmi. "To da na ce shekara, me ya hana ka gaya mini?"

"Ita ta ce kar ku ji kunya, Baba. Ni kuma na ji tsoron in na yi magana ku ce gaggawar nan tawa ce ta motsa."

Tsohon ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Aikin uwarki ne wannan, Zahra'u," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kina yinsa ke kaɗai, ina zaune a zaure ina auna wani." Ya dubi Mahamud. "Kai ka san kayan nan. Ware mini mai rai da matacce. In ka gama ka kira kawunka, ka ce na ce ya zo Juma'a."

Mahamud ya naɗe hannun riga ya tsuguna, ya fara juya gwangwanaye ɗaya bayan ɗaya. Zahra'u ta matso tana miƙo masa, hawaye yana sauka, tana dariya kaɗan-kaɗan.

An ɗaura aure cikin Mayu. Goggo Tani, ƙanwar Mushe, ta zo ta kwana bakwai tana tuya da faɗa, tana cewa da an gaya mata tun farko da duk wannan bai faru ba. Sukarin ya tsira, da gishiri da sabulu, da shinkafar da aka shanya aka bushe. Mushe ya cika sauran, kuma da kansa ya je teburin ragi wata Talata, da tabarau a hanci, yana juya gindin gwangwani. Da garar ta isa Gidimuni, mahaifiyar Mahamud ta dafa kan amarya ta ce Allah ya yi mata albarka, ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, ya jiƙan wadda ta haife ta. Mata suka amsa da amin.

Mahamud yana nan kantin Alhaji Sule har yau. Abin da ya kwasa a baro ranar nan ya kai juji shi ne: tumatir gwangwani goma sha tara, madara bakwai, taliya kwali biyu, kuskus leda shida, fulawa ƙaramin buhu ɗaya, mai lita huɗu wanda tike arba'in suka kawo. Da wata biyar na jira, daga Disamba zuwa Mayu.