Ramin da Evert Ke Fasawa

Tun da sarauniya ta tattara ta koma birni aka rufe ƙaramin gidan sarautar, aiki ɗaya ya rage wa Evert mai lambu. Duk almuru a lokacin hunturu yakan fasa ƙanƙarar ruwan da ya kewaye gidan, don kifayen sarauniya su sha iska. A ruwan nan matarsa Aaltje ta nutse bara. Ko hawaye bai yi ba.

Ranar da wakilin gidan ya ce masa, "Tsoho, daga gobe ka huta, an sayar da gidan," sai ya ɗauki gatarinsa ya sauka kamar kullum.

Yana cikin sara sai ga mace tsaye a kan ƙanƙarar. Takalmin katako ne a ƙafarta, amma bai ji tahowarta ba. Bakinsa na fitar da tururi, nata babu.

"Da gaske gobe ba ka zuwa?" ta tambaye shi.

"Haka suka ce."

Ta dubi ramin, ruwa na ɗiga daga gashinta.

"Kai dai har yau ba ka da lura, Evert. Ka zaci kifi ne kaɗai ke numfashi ta nan?"