Wutar Maƙera a Bangon Kalgo

Ranar Babbar Sallah ta 1976, bayan magariba, maƙeran Kalgo suka fito wasan wuta. Ana dukan ƙarfen da ya yi jawur a wuta, tartsatsi na tashi ya wuce rufin rumfa ya zubo kamar ruwa, dattijo guda yana tsaye a tsakiya ko gezau. Lukuman, mai zanen motoci daga Gwandu, ya saki baki har ya manta da kansa.

"Malam, rufe bakin kar tartsatsi ya faɗa ciki."

Ya juyo. Budurwa ce da kwandon gawayi a ka, tana danne dariya. Salamatu ke nan, ɗiyar wancan dattijon, Mamman Sarkin Maƙera. Wallahi tun daga nan Lukuman bai ƙara ganin wasan sosai ba.

Da ya zo zance karo na uku, ya zaro wata takarda da ta sha ninki. Shafin mujalla ne da wani malamin makaranta ya ba shi: bango guda a ƙasar Meziko, an zane shi kaf da wasan wutar mutanen can, hasumiyar kara tana feshin wuta, jama'a sun ɗaga kai.

"Ikon Allah! Wuta a bango, kuma ba ta ci shi ba?" in ji Salamatu.

"An ba ni bangon sabuwar firamaren garinku in yi wa ado. Irin wanga nike so in yi, Tauraruwata, amma da wutarku."

Sai dai da magabatansa suka je neman aure da damina, Sarkin Maƙera ko tabarma bai bari ta yi ɗumi ba.

"Ɗiyar maƙera sai wanda ya san wuta. Ga Bawa nan, yana ɗaukar jan ƙarfe da hannu. Mai shafe-shafen fenti mi ya sani? Bayan kaka za a ɗaura da Bawa."

Lukuman ya ji zafi, ya hau tsani da fushi. Kwana shida ya cika bangon da harsunan wuta jajawur, yara na ta tafi. Yana jiran yabo, sai Ɗanjuma direba ya miƙa masa wasiƙa.

"Zuwa ga Mai Buroshina. Bayan gaisuwa, na ga bangon. Kada ka ji haushi, wutar girki ka zana. Baba ya wuce ya ce ko dankali ba za ta gasa ba. Maƙeri ba ya kallon harshen wuta, ƙarfen yake kallo, kuma launinsa ke gaya masa lokacin duka. Ina tsoro ƙwarai, gero ya fara fitar da kai. Taka, Salamatu."

Washegari aka ga bangon fari fat, an shafe shi da farar ƙasa. Lukuman kuwa ya ɓace. Mako ɗaya, biyu, biyar, babu shi babu amsa. Bawa ya riƙa yawo yana cewa mai fenti ya gudu. Salamatu ta yi kuka har ta gode Allah, tana cewa wasiƙarta ce ta kore shi. Ni ma dai na zargi yaron, gaskiya.

Ashe yana garin Dalijan, gaban wani tsohon maƙeri, yana jan zugazugi daga safe zuwa la'asar, idonsa a kan ƙarfe. Ana gobe zai dawo ya rubuto:

"Tauraruwata, ban gudu ba. Kunya ce ta hana ni rubutu sai na iya. Ki roƙi Baba ya bi ta makaranta ranar Juma'a da hantsi. Naki har abada."

Ya dawo ya kāre bangon da tabarmi, ya yi ta zane dare da rana. Ranar Juma'a aka yaye tabarmin, mutane suka cika gaban makarantar. Babu fuskar kowa a bangon. Duhu ne, sai hannuwa biyu, ɗaya da awartaki, ɗaya ya ɗaga masaba. A kan uwar maƙera ƙarfe na kwance, gindinsa baƙi, ya koma ja, ya koma ruwan ɗorawa, bakinsa ya yi fari har ido ba ya son tsayawa a kai. Tartsatsi ya tashi ya lanƙwasa ya rufe bangon har sama, kowane ɗigo da 'yar wutsiyarsa.

Sarkin Maƙera ya ratso jama'a, Bawa na biye. Ya daɗe tsaye. Ya ga masabar a hannun hagu take, yadda shi kaɗai ke riƙe ta a duk Kalgo, ga tabon ƙunar da ke babban yatsansa. Sannan ya matsa, ya miƙa hannu wajen farin bakin ƙarfen. Saura kaɗan ya taɓa, sai ya fizge hannun da sauri.

Mutumin da ke ɗaukar jan ƙarfe shekara arba'in! Mata suka ɗauki salati.

"Subhanallahi," in ji shi a hankali. "Wanga ƙarfe ya nuna. In ba a buge shi yanzu ba, ya ƙone." Ya juyo. "Yaro, nuna mini hannunka."

Lukuman ya buɗe tafukansa, duk kanta da ƙananan tabon tartsatsi. Dattijon ya riƙe su, idonsa ya ciko.

"Bawa, ka yi haƙuri. Kai ka gaji wuta, wanga neman ta ya yi. Kai kuma Lukuman, ku turo manyanku, ɗana."

Bawa ya sake duban bangon, ya gyaɗa kai, ya ba Lukuman hannu.

Bayan an kai gero rumbu aka ɗaura aure, maƙera suka yi wasan wuta a gaban bangon nan, na gaske da na zane suna haska juna. Da aka kawo amarya Gwandu, ta leƙo daga mayafi ta ce, "Mai Buroshina, har yanzu bakin a buɗe yake?"

"Ai tun ranar ban rufe ba."

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka. Shi kuwa Sarkin Maƙera, har ya bar duniya, in zai wuce ta gaban bangon nan sai ya tattare bakin rigarsa.