Mai Dakan Cuku

A Babbar Kasuwa Ramla ta fara ganinsa, tsugune gaban tsibin dankalin turawa, yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana jujjuyawa kamar mai tantance masu neman aikin gwamnati. Lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba. Fastocin 'yan takara sun rufe bangayen Katsina, wayar salula kuma ta shigo gari, duk mai ita sai ya yi magana da ƙarfi don kada a ɗauka ba shi da ita.

Ita kanta ba ta san abin da ta zo saye ba. Mahaifinta, Malam Haruna, tsohon ma'aikacin sakatariya, ya tashi daga doguwar jinya, likita ya cire masa sauran turamen haƙoransa, shi kuma ya shiga yajin cin abinci. Tuwo ya ce ya yi nauyi, kunu ya ce na masu jego ne. Kullum rigarsa sai ƙara yi masa yawa take.

"Malam, in ka gama yi masu jarrabawa, mu ma muna son saye," ta ce da ta gaji da tsayuwa.

Ya ɗago yana murmushi. "Yi haƙuri, 'yar'uwa. Miya zan yi, ba kowanne ke narkewa ba."

"Za ka yi, ko za a yi maka?"

"Zan yi."

Sunansa Ashraf, malamin lissafi a wata sakandare a Batagarawa. A ledarsa akwai cuku, busasshen nan mai tauri da Buzaye ke kawowa daga Nijar. Mahaifiyarsa, Hajiya Dije, ta samu shanyewar ɓarin jiki, ba ta kuma da 'ya mace, don haka shi ke shiga madafa. Miyar a Filato ya koyo ta wajen bautar ƙasa. Ya zayyana mata: a soya albasa a man shanu, a zuba dankali da ruwa har ya yi luguf, a burge shi, a daka cuku ya yi laushi, a jiƙa shi a madara mai ɗumi, sai an sauke tukunya a zuba, a barbaɗa masoro.

Ramla ba ta riƙe ko rabi ba, domin ba bayanin take saurare ba. Ta dai ba shi labarin mahaifinta, da lambar wayar da yayanta ya bar mata, wai don ƙarin bayani.

Washegari da la'asar wayar ta yi ƙara, saƙonsa ya shigo.

"Ranki ya daɗe, na ajiye kula a zaurenku. In za ki ɗumama kada ki bari ta tafasa. A gaishe da Baba. Ke kuma ban san yadda zan gaishe ki ba, gaisuwar ta fi ƙarfin kuɗin katina."

Ta juye miyar a kwanon gida ta kai. Malam Haruna ya leƙa da tuhuma.

"Wagga miya ce ko kunu?"

"Ka dai ɗanɗana, Baba."

Ya ɗanɗana. Ya sake. Bai ɗago ba sai da cokali ya fara kankarar gindin kwano.

"Allah ya yi maki albarka, ɗiyata. Ashe karatun kwalejin nan ba asara ba ne."

Nan ya kamata ta yi magana. Amma rabon da ta ga ya cinye abu har ta manta, sai ta ce amin ta ɗauke kwano.

Haka kula ta ci gaba da zuwa, saƙonni na biye da ita. Daga "ranki ya daɗe" aka koma "tauraruwata", ita kuma ta raɗa masa "Malamina". Kumatun Malam Haruna suka fara dawowa. Duk baƙon da ya zo dubiya sai ya sha labarin hannun Ramla.

Cikin baƙin har da Honarabul Ɗanliti, kansilan mazaɓarsu. Kafin dimokuraɗiyya fetur yake sayarwa a galan a bakin titi. Yanzu yana da mota, da waya biyu, da niyyar auren 'yar boko don ta dace da matsayinsa. Ya lura da malamin makarantar da ke zuwa zance a kan tsohon babur, ya kuma yi bincike irin wanda bai taɓa yi a kan magudanun ruwan unguwa ba.

"Malam," ya ce wata rana, Ramla na bayan labule da tiren ruwa, "yaron nan da ke zuwa wajen Ramlatu, mutanen unguwarsu ta Gobarau sun ce in ka ji daka a gidansu da safe, to ba mace ba ce."

Malam Haruna ya tsayar da cokali. "Taɓarya? Namiji?"

"Har da ɗaurin ƙirji, in ji wasu. Ni dai ban gani ba."

"To ɗiyata ba ta auren wanda za su riƙa rabon girki da shi." Ya nuna kwanon da ke gabansa. "Ka ga wagga? Hannunta ne. Mai irin wannan hannu mi za ta yi da miji mai ludayi?"

Ya kai loma, ya lumshe ido.

Da yamma ta kwashe duka ta faɗa wa Ashraf a ƙofar gida. Ya saurara har ta gama.

"Ke me kika ce?"

"Ban ce komai ba."

"Kunyata kike ji, Ramla?"

"Haba Malamina! In ya sani zai daina ci. Ka san shi."

Gaskiya ta faɗa, amma rabinta. Shi kuwa malamin lissafi ne, ya san rabi in ya gan shi. Ya ce Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya tayar da babur.

Saƙonni suka ɗauke. Kula ba ta ɗauke ba. Kullum da la'asar tana zaure, da zafinta, ba ko kalma ɗaya tare da ita.

Ramla ta rasa inda za ta sa kanta. Ta shiga ɗaki ta fito, ta zauna ta miƙe. Ta hau turmi a tsakar gida tana ɗaga waya sama, wai ko sabis ne. Ta kashe ta kunna. Ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa.

"Malamina, ka zage ni ma na yarda, amma kada ka yi min shiru. Ko lacca ba na fahimta."

Ba amsa. Sai ga Malam Haruna ya sanar cewa magabatan Honarabul za su zo gaisuwa ƙarshen wata.

Mahaifiyarta, Inna Safara'u, na tsintar shinkafa, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Ni dai tunda aka fara miyar nan ban ji an daka cuku a gidan nan ba. Turmin ma hawansa kawai na ga ana yi. Ki faɗa da bakinki kafin a faɗa maki."

Ranar Ramla ta kai kwano ta durƙusa, ba ta tashi ba.

"Baba, miyar nan ba ni nake yi ba."

"Innarki ce?"

"Ashraf ne. Tun ranar farko."

Malam Haruna ya dubi cokalin da ke hannunsa kamar an kama shi da kayan sata. Ya ajiye. Ya ture kwanon da bayan hannu.

"Tashi ki ba ni wuri."

Yajin ya dawo. Kula ta zo, ta koma yadda ta zo. Ramla ta ga rigar za ta sake yin yawa, ta sayo dankali da cuku ta shiga madafa da kanta. Ta manta da jiƙo, ta kuma zuba cukun tukunya na tafasa. Abin da ya fito dankali ne da tsakuwa. Malam Haruna ya kai loma ɗaya, dadashinsa ya gamu da cuku, ya runtse ido ya daɗe bai buɗe ba.

"Wagga kam taki ce," ya ce. "A kira mani yaron."

Ashraf ya zo bayan la'asar, ya cire takalmi, ya durƙusa. Aka gaisa, aka tambayi jikin Hajiya, da makaranta, da zafi. Ramla na bayan labule, ba tire a hannunta wannan karon.

"Kai ke daka?"

"Ni ne, Baba."

"Ba ka jin kunya?"

"Da farko na ji. Sai Hajiya ta ci ta nemi ƙari."

"An gaya maka na ce ba ni ba ka ɗiyata?"

"An gaya min."

"Amma ka ci gaba da aikowa."

"Ai ba ita ce ba ta da lafiya ba, Baba."

Malam Haruna ya ja carbinsa. A sakatariya ya yi rayuwarsa, inda ba a taɓa yin kuskure, sai dai a sake duba magana.

"Na sake duba maganar," ya ce. "Ka turo magabatanka. Amma don Allah, in za ka yi daka, ka bari sai maƙwabta sun tayar da janareta."

Kafin ƙarar babur ta ɓace, wayar Ramla ta yi motsi.

"Tauraruwata, na ga ƙafafunki a ƙasan labule. Na yi kewarki har na kusa sa sukari a madadin gishiri. An ce kin yi miya. Allah ya kiyaye gaba."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Honarabul Ɗanliti ya halarta, ya yi jawabi a kan ribar dimokuraɗiyya ba tare da an neme shi ba, ya raba kalanda mai hotonsa.

Kwanaki kaɗan da tarewa, gwaggonnin Ramla suka zo ganin ɗaki da hantsi. Suna cikin yaba labule sai daka ta tashi daga madafa, dum, dum, ba janareta ko ɗaya a unguwar. Gwaggo Binta, babbarsu, ta dubi amarya da ke zaune gabanta da lalle a hannu, ta dubi ƙofar ɗakin Hajiya Dije wadda kowa ya san ba ta iya ɗaga taɓarya.

"Ramlatu, wa ke daka?"

Ramla ta ɗago kai. Ta gyara mayafi, ta ɗaga murya yadda za a ji har madafa.

"Mijina ne, Gwaggo. Cuku yake daka wa Hajiya da Baba."

Gwaggonnin suka dubi juna. Dakan ya tsaya, sannan ya ci gaba da ƙarfinsa.

Gwaggo Binta ta jinjina kai. "Ikon Allah. To, Allah ya ba ku zaman lafiya, ya kawo zuriya ɗayyiba, ya bar ku tare har tsufa."

Aka amsa da amin. Ta matso kusa da amarya, ta rage murya.

"Ce masa ya ƙara dankali. Mu ma ba haƙoran gare mu ba."