Allon Da Ya Goge

"Wa ya goge allon nan?!"

Na daka tsawa. Allon da matan ajina na yaƙi da jahilci suka fara rubuta sunayensu da hannunsu, wanda muka yi alkawarin ba mai taɓawa, ga shi fes kamar an lashe.

Wanda zan aura ya ajiye tsumman hannunsa a hankali.

"Sanyin idona, saurare ni. Gobe masu ba da tallafi za su zo. In suka ga matan nan sun iya, me za su tallafa? Na ce su sa tsofaffin kaya, kar wadda ta yi Turanci..."

"Har Ummata ka ce ta zo a wulaƙance?!"

"Mai ɗakin da muke haya ya ce mu tashi ƙarshen wata. In ba tallafi, ba aji!"

"Shawarar wa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ƴar Gwaggo..."

Ƴar Gwaggo! Wadda danginsa suka so ya aura maimakona, ma'aikaciya a ofishin masu tallafin, wadda ta fi kowa sanin ba sa kallon ajin da bai ci gaba ba. Wallahi ji na yi kamar in shaƙe shi.

"Ta rufta ka, kai kuma ka rufta mu! Ka san wahalar da Umma ta sha kafin harafin farko ya tsaya? Fita! Maganar aurenmu ma ka goge ta!"

Washegari na tarar da shi a ƙofar ajin, ido jawur, riƙe da kwalin alli. Ashe gida-gida ya bi matan yana ba su haƙuri. Matan suka shigo cikin kwalliya, ƙamshi na tashi.

Da masu tallafin suka iso, a gaban baƙin ya miƙe.

"Akwai sunaye a allon nan. Ni na goge, don in yaudare ku."



Sai Umma ta tashi, ta gaishe su da Turancinta mai gargada, ta rubuta sunanta. Sauran suka bi layi. Shugabar baƙin ta ce ajin nan ba zai rufe ba. Ƴar Gwaggo kuwa, da ta zo tare da su, ta kasa ɗaga ido.

Ni dai ko kallonsa ban yi ba.

Umma ta koma gaban allo, ta daɗe tana zana haruffa a karkace: KI YAFE MASA.

"Haba Umma..."

Ta kakkaɓe hannunta.

"Da hannuna na rubuta. In kin isa ki goge."